Daga buji ake fara kashe motar ibrid

Duk mai lura da titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa a ƴan shekarun nan ya ga wani nau'in mota da ke tashi shiru, ba ƙara ba hayaƙi, sai ta yi ɗan nisa sannan a ji injin ya kama. Su ne motocin da ake kira ibrid, wato masu tafiya da esansi da lantarki a haɗe. Yawancinsu na kamfanin Toyota ne, irin su Prius, Camry, Yaris, Auris da RAV4, kuma kusan dukkansu okaziyo ne, sun gama wata rayuwa a Amurka ko Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome. Ba su kai yawan sauran motoci ba tukuna, amma ana ƙara ganinsu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau shi ne motar ta riga ilimin gyaranta isowa ƙasar nan, kuma idan ba a yi hattara ba dukiyar bayin Allah da yawa za ta ƙare a bakin garaji, an ɗora ta bisa duwatsu, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Ba sai an tambayi dalilin da ya sa jama'a ke sha'awar wannan mota ba. Tun lokacin da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, esansin ruwa-ruwa da yankunan bakin iyaka, daga Kwanni har Magariya, suka dogara da shi shekara da shekaru ya daina zama abin araha. Kowa ya koma gidan mai, alhali matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011 an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana. Ba mu manta da dogayen layukan watan Maris na 2025 ba. Gaskiya ne a watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke litar esansi zuwa sefa 499, wato dala ɗari babu tamma guda, amma ga mai taksi ko ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa tun kafin tsakiyar wata, kowace lita abin lissafi ce. Prius ta shekarun 2010 zuwa 2015, a gwajin hukumomin Amurka, ba ta kai shan lita 5 a kilomita 100 ba. Mu ɗauka mai taksi yana yin kilomita 200 a rana, kuma tsohuwar motarsa lita 8 take sha a kilomita 100. Ke nan shi lita 16 yake zubawa, mai ibrid kuwa lita 10. Bambancin lita 6 ne, kusan jika 3 kowace rana, a wata ya doshi jika 90. Wannan kuɗin cefanen gida ne sukutum, har da canjin kuɗin lakwal na yara.

To amma wannan riba tana da sharaɗi, kuma a nan ne kuskure iri biyu ke jiran mutum. Na farko kuskuren mai motar ne, wanda da ya ji an ce lantarki sai ya ɗauka ya rabu da bidanji da buji har abada. Na biyu kuskuren makaniken ne, wanda da ya buɗe kapo ya ga silinda huɗu sai ya ce ai mota mota ce, ya kama yi mata abin da ya saba yi wa Peugeot 504. Dukkansu biyun hanyarsu ɗaya take ɓullewa, sai dai wani ya riga wani isa.

Ya kamata a fahimci cewa motar ibrid irin ta Toyota, wadda aka fara sayarwa a Japan a watan Disamba na 1997 kafin ta fita sauran duniya a 2000, tana da cikakken injin esansi, da fistan, da buji, da man inji, da ruwan sanyaya, kamar kowace mota. Abin da aka ƙara mata shi ne injinan lantarki guda biyu da wani babban batir da ke kwance a bayan kujerar baya. Ba a jona ta da wutar gida, ita ke caja kanta idan injin na aiki ko idan an taka birki. Kwamfutar motar ce ke yanke shawarar lokacin da injin esansi zai tashi da lokacin da zai mutu, kuma a cikin gari yana iya tashi ya mutu sau da dama tsakanin wannan randabawul da wancan. Ba ta da demarer, ba ta da altanater. Ɗaya daga cikin injinan lantarkin ne ke yin aikinsu duka biyu. Injin da ke tashi yana mutuwa haka dole ne ya kama nan take kowane lokaci, kuma abin da ke kunna wutar da yake kamawa da ita shi ne buji.

Mu yi wa tsofaffin makanikanmu adalci, domin al'adar da suke da ita ta kwance buji a kai a kai ba daga sama ta faɗo ba. A zamanin 404 da 504 da Toyota mai karbirater, esansi na ɗauke da dalma, ga karbirater da ba kasafai yake daidaita mai da iska ba, saboda haka buji kan yi baƙi ya toshe cikin ƴan watanni. Makanike ya kwance, ya goge da burushin ƙarfe ko takardar yashi, ya ɗan ƙwanƙwasa bakin don ya daidaita tazarar, ya wanke da esansi ya mayar, mota ta tashi garau. A wancan lokacin wannan gwaninta ce. Amma tun farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina amfani da esansi mai dalma, karbirater kuma ya ba da wuri ga injekter da kwamfuta ke sarrafawa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Bujin da ke cikin waɗannan motoci ba irin na da ba ne. Tsinin tsakiyarsa an yi shi da wani ƙarfe mai tsada da ake kira iridiyom, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400. Saboda ƙarfinsa ne ake iya yin tsinin siriri ƙwarai, bai kai milimita ɗaya ba, alhali na tsohon buji ya kai milimita biyu da rabi. Siririn tsini ya fi saurin ba da tartsatsi, kuma ba ya cinyewa da wuri. Sai dai wannan ɗan tsini manna shi aka yi a kan bujin, kuma abin da ba ya so a duniya shi ne burushin ƙarfe da ƙwanƙwasa. Aparantin da ya zauna a kan benci yana gurza shi da takardar yashi, da kyakkyawar niyya, a cikin minti biyu ya cinye abin da aka yi don ya shekara goma yana aiki. Tazarar bakinsa, wadda ba ta wuce milimita 1.1 ba, daga masana'anta aka daidaita ta, ba a taɓa ta. Bujin iridiyom dai ko a bar shi ko a canza shi, babu hanya ta uku.

Yaushe ke nan za a canza? Littafin da Toyota ke bai wa masu Prius a Amurka ya ce mil 120,000. A nan ma akwai tarko, domin motocin da suka fito daga Amurka da mil suke ƙidaya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 120,000 a tablo ya ɗauka kilomita ne, to motarsa ta riga ta yi kilomita sama da 190,000. Ban da wannan, duk wanda ya taɓa sayen mota a fakin okaziyo ya san lambar da ke kan tablo ba rantsuwa ba ce, ana iya mayar da ita baya kamar yadda ake rage shekaru a takardar haihuwa. Shi ya sa ra'ayinmu shi ne duk wanda ya sayi ibrid okaziyo, kuma ba a ba shi takardun gyaran da aka yi mata a can ba, ya ɗauka cewa bujin da ke ciki tun na masana'anta ne, ya canza su duka huɗu a makon farko, ya rubuta rana da lambar tablo. Daga nan ne lissafinsa na gaskiya zai fara.

Kuma ko bayan haka ba mu ga hikimar jiran kilomita 190,000 a ƙasa irin tamu ba. Tablo tafiyar taya yake ƙidayawa, bai san aikin inji ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutum yakan tsaya a bakin kasuwa ko ƙofar ofis awa guda da kilim a kunne yana jiran wani. Kilim ɗin motar da lantarkin babban batir yake aiki, kuma duk sa'ad da batirin ya yi ƙasa sai injin ya tashi ya cika shi, ya mutu, ya sake tashi. Duk wannan aiki ne a kan buji da man inji, amma ko kilomita ɗaya bai ƙaru a tablo ba. A haɗa da ƙurar hunturu da esansin kwalba da ba a san abin da ya shiga cikinsa ba. Mu a ganinmu, idan aka kai kilomita 80,000 zuwa 100,000 a ciro su a duba, in tsinin ya fara cinyewa ko tazarar ta buɗe a canza. Kuɗin buji huɗu a shekara uku ko huɗu ba shi ne zai talauta mai mota ba.

Aikin kansa ba shi da wuya, kuma muna so ƴan uwa makanikai su ji wannan da kyau, domin wasu da sun ji an ce ibrid sai su ɗaga hannu su ce ba su taɓawa. Canjin buji bai shafi manyan wayoyin lantarki ba ko kaɗan. Abin da yake buƙata natsuwa ce. A bari injin ya huce sarai, saboda kulas ɗin na alminiyom ne, idan aka murɗa buji da zafi zaren ramin na iya biyo shi. Bayan an cire bobin, domin kowane buji da bobin ɗinsa a kai, a hure ramin da iska kafin a kwance, in ba haka ba yashin da ya taru a wurin kai tsaye zai zuba cikin silinda. In an ga man inji kwance a ramin, to robar murfin kulas ce ta gaji, a canza ta, don man zai ci bobin. Sabon buji da hannu ake fara ɗaura shi har ya zauna, sannan a ƙarasa da kile mai awo, wajen 18 zuwa 20 a ma'aunin Niyuton-mita, ba a sa bututu a ƙara wa kile tsawo ana dannawa da ƙafa ba. Prius ta 2004 zuwa 2009, mai inji lita 1.5, kile 16 take ɗauka. Ta 2010 zuwa 2015, mai lita 1.8, bujinta ya fi siriri da tsawo, kile 14 ne, kuma sai an cire hannuwan goge gilashi da farantin da ke ƙarƙashinsu kafin a samu hanya. Wanda ya ga wannan aiki ya yi masa yawa ya ce zai lanƙwasa bobin ya fito da shi ta ƙarfi, to ya shirya sayen bobin.

Babbar matsalar da ta fi wannan ita ce ta jabu. Kamfanonin Denso da NGK, waɗanda su ne ke ƙera bujin waɗannan motoci, sun sha gargaɗin jama'a cewa ana kwaikwayon kayansu, har kwali da tambari. Bujin jabu a ido yana kama da na gaske, amma tsininsa ƙarfen banza ne da aka yi wa fenti, cikin ƴan watanni ya cinye, wani lokaci ma ya ɓalle ya faɗa kan fistan. Daga shagunan kayan mota na Yamai har na Maraɗi da waɗanda ake saro wa daga Kano, na kirki da na banza a kanta ɗaya suke zaune, kuma sau da yawa shi kansa mai shagon bai san wanne ne wanne ba. Abin da mai saye zai riƙe shi ne lambar da littafin motarsa ya faɗa, misali SK16R11 ga mai lita 1.5, ko SC20HR11 da wanda ya gaje shi SC16HR11 ga mai lita 1.8, sannan ya tuna araha ba ta ado. Idan aka ce maka ga iridiyom huɗu a kuɗin da bai fi na bujin kabu-kabu ba, ka yi godiya ka wuce. Haka kuma maganar “wannan ma yana shiga” ba hujja ba ce. Dogon buji a ramin gajere fistan zai daka, gajere a ramin dogo kuma wutarsa ba za ta kai inda ake so ba.

Me zai faru in an yi sakaci? Buji ɗaya ya fara fashin wuta, esansin da bai ƙone ba ya wuce cikin salansa ya je ya ƙone a cikin katalizer, wato tukunyar nan mai tace hayaƙi da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira indomi. Idan fitilar inji ta tablo ta koma ƙyaftawa maimakon tsayawa cak, abin da take faɗa ke nan: a tsaya, ana dafa katalizer. Na Prius kuwa yana cikin masu tsada, domin ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, shi ya sa ɓarayi a Turai da Amurka suka matsa masa. A nan gida wasu shawararsu ita ce a fasa a zubar, a sayar da garin. Wanda ya yarda da haka ya sani cewa kwamfutar motar na auna hayaƙin kafin tukunyar da bayanta, fitila ba za ta sake mutuwa ba, kuma ranar da wata cuta ta gaske ta zo ba zai gane ba tunda ya saba ganinta a kunne. Ban da haka, injin ibrid idan yana fashin wuta yakan yi wata girgiza da ƙwanƙwasa mai ban tsoro, saboda haɗinsa da injinan lantarki, har mutum ya ɗauka akwatin giya ne ya watse.

Sai dai kuma kada a ɗora wa buji laifin da ba nasa ba. A Prius ta 2010 zuwa 2015 an san wata cuta: hanyar da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, wadda ake kira EGR, takan toshe da baƙin gawayi idan mota ta yi nisan kilomita, kuma da yawa daga irin waɗannan motoci sukan ƙare da ƙonewar juwan kulas. Alamar ita ce girgiza da sassafe idan an tayar, sannan ruwan sanyaya na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Mai irin wannan mota ko ya canza buji sau goma ba zai warke ba. Na'urar binciken nan da makanikai ke kira balis za ta nuna lamba daga P0300 zuwa P0304, ta faɗi silindar da ke fashi, amma ba za ta faɗi dalili ba. Makanike mai hankali sai ya musanya bobin ɗin wannan silinda da na maƙwabciyarta ya ga ko cutar ta bi shi, kafin ya aiki mai mota kasuwa.

Yanzu ga maganar da muke roƙon kowane mai garaji ya tara yaransa ya faɗa musu. Shirun motar ibrid ba ya nufin a kashe take. Muddin kalmar READY na haske a tablo, motar a kunne take, kuma injin na iya tashi da kansa a kowane lokaci ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A yi tunanin yaro ya shiga ƙarƙashi ya kwance ƙusar bidanji, mai ya gama tsiyayewa, sai kwamfuta ta ga batir ya yi ƙasa ta tayar da injin babu ɗigon mai a cikinsa. Ko kuma hannunsa na cikin inji. Kafin a taɓa komai a kashe motar, a tabbata tablo ya mutu, a ɗauki makullin a kai shi nesa, domin irin makullin nan ne da mota ke jin sa ko yana cikin aljihu. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa, waɗanda suka taso daga babban batir, suna ɗauke da bolt sama da 200, kuma na'urar da ke kusa da inji tana ɗaga shi zuwa 500, a sabbin ma 650. Wutar gidajenmu 220 ce, kowa kuma ya san abin da take yi wa mutum. Wanda bai koyi aikin ba, ba shi da safar hannu ta musamman, ya bar su inda ya gan su.

Man inji shi ne wuri na biyu da tsohuwar al'ada ke yin ɓarna. An saba cewa ƙasarmu da zafi, saboda haka sai mai kauri, 20W-50, shi ne ke riƙe inji. Ga tsohuwar 504 da ta sha duniya wataƙila haka ne. Amma injin da ke tashi sau da yawa a rana yana son man da zai kai ko'ina cikin ƙiftawar ido, ta ƙananan hanyoyin da aka ƙera don siririn mai. Mai lita 1.5 an rubuta mata 5W-30, mai lita 1.8 kuma 0W-20, kuma littafin Turai ya yarda a sa mata 5W-30 idan ba a samu wancan ba. Yawan ma da ƙa'ida: lita 3.7 ga ta farko, 4.2 ga ta biyu, har da filtir. Ɗabi'ar nan ta a juye bidon mai lita 5 gaba ɗaya don kada a yi asarar sauran, ita ce asarar. Game da lokaci kuwa, littafin Amurka da ya ba da mil 10,000 ga siririn mai shi ne kuma ya ce a rage zuwa mil 5,000, wato kilomita 8,000, ga motar da ke bin hanyar ƙura ko ke yawan tsayuwa a kunne. Mu duba da kyau, wace mota ce a Nijar ba ta cikin wannan rukuni? Kuma tunda waɗannan injina idan sun tsufa sukan fara shan mai, zaro sandar awo kowane mako ba ɓata lokaci ba ne, musamman kafin a kama hanyar Yamai zuwa Damagaram mai kusan kilomita 900.

Filtir ɗin iska a duba shi a kowane bidanji. Hure shi da iskar kwamfuresa sau ɗaya ko biyu ba laifi, amma takarda ce, tana yagewa, kuma ƙurar da ta wuce ta ba ta da wurin zuwa sai cikin silinda.

Akwai wata iskar da kusan kowa ke mantawa da ita, ita ce ta babban batir. Batirin nan, mai ɓangarori 28, da iskar cikin mota ake sanyaya shi. A gefen kujerar baya akwai wata ƴar taga mai raga, a bayanta akwai fanka da ke zuƙar iska tana hura masa. Idan fasinja ya jingina buhu a wurin, ko aka lulluɓe kujera da leda ko darduma aka rufe tagar, ko ƙurar hunturu ta cika fankar, batir zai riƙa aiki cikin zafi, zafi kuwa shi ne babban abin da ke rage masa kwana. Wanke wannan fanka sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin bazara ta kama, aikin awa ɗaya ne ko biyu, alhali batirin shi ne abu mafi tsada a motar. Don haka ma kunna kilim a wannan mota ba almubazzaranci ba ne, batir ma yana shan sanyin. Amma a kula wajen masu cika gas: kwamfuresan kilim ɗin na lantarki ne, mansa na musamman ne, ND-11, wanda ba ya ɗaukar wuta. Idan aka zuba masa man kilim na sauran motoci, ko aka yi amfani da tiyon da ya jiƙe da shi, lantarki na iya samun hanyar zurarewa, kwamfuta ta hana motar tashi. Ruwan sanyaya ma gida biyu ne, na inji daban, na na'urar lantarki daban, dukkansu jan ruwan nan mai kama da ruwan hoda suke sha, ba ruwan rijiya ko na leda ba. A Prius ta 2004 zuwa 2009 famfon da ke juya ruwan na'urar lantarki ya taɓa ba da matsala har kamfanin ya kira motoci don canza shi a 2012. Wanda ya sayi irinta ya buɗe murfin tankin ya duba ko ruwan na motsi idan motar na kunne.

Mun san akwai masu cewa duk wannan dogon bayani hujja ce a kan cewa motar ba ta dace da mu ba, gara a tsaya ga wadda kowane makaniken bakin hanya ya sani. Maganarsu ba ta rasa gaskiya. Wanda motarsa ta mutu tsakanin Dakwaro da Abalak ba ya buƙatar lacca, kuma ibrid ba a tayar da ita da turi, ba a kuma jan ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, sai an ɗauke ta. Mai yawan shiga daji ya yi tunani sau biyu. Amma ga mai zirga-zirga cikin gari da kan kwalta, ba mu yarda zafi ne zai hana ba. A Dubai, inda zafi bai gaza namu ba, tun 2008 aka fara sa motocin ibrid a aikin taksi, kuma ba a fasa ba. Bambancinmu da su bai wuce gyara a kan lokaci da kaya na gaske ba. Haka aka yi ta gudun motoci masu injekter da masu giya otomatik lokacin da suka fara shigowa, yau ga shi yaran garaji na gyara su ido rufe. Kuma motar na da nata sauƙin: birkinta na daɗewa ƙwarai saboda injin lantarki ne ke yin yawancin aikin tsayarwa, ba ta da ambiriyaj, mai lita 1.8 ko kuruwa ba ta da ita.

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki nasa kason. Ƴan kasuwar da ke shigo da waɗannan motoci, tunda sun iya cika kwantena da mota, ba zai gagare su haɗowa da buji na gaske, da filtir, da man da ya dace ba, kuma ya kamata su daina ɓoye wa mai saye cewa tablon da mil yake ƙidaya. Makarantun koyon sana'a, daga lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi da lise Issa Beri ta Yamai har zuwa cibiyoyin koyon sana'a na kwaminoni, lokaci ya yi da za a ajiye tsohuwar Prius guda a farfajiya yara su kwance su ɗaura. Asusun FAFPA, wanda aikinsa ke nan tallafa wa horon masu sana'a, zai iya shirya wa masu garaji horon mako ɗaya ko biyu cikin Hausa da Zabarmanci, domin yawancin waɗanda motocin ke faɗawa hannunsu a bakin aiki suka koya, ba a aji ba. Ƙungiyoyin makanikai su ne ya dace su fara kai wannan buƙata, kafin a wayi gari aikin ya koma hannun mutum biyu ko uku a babban birni suna yanka kuɗin da suka ga dama.

Shi kuma mai mota, ya sayi ɗan littafi na dala ashirin ya ajiye a aljihun tablo, duk abin da aka canza ya rubuta rana da lamba da sunan kayan. Idan ya kai bidanji ya tsaya ya ga bidon ɗin da aka buɗe da idonsa, idan an canza buji ya ce a ba shi tsofaffin guda huɗu a hannu ya duba bakinsu: wanda ya fita daban da ƴan uwansa, ya yi baƙi ko ya yi fari tas kamar an wanke shi, silindarsa ce ke da magana, kuma gara a bincike ta tun motar na shiga garaji da ƙafarta.